Igiyoyi Takwas na Malam Gilfillan

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka tsare ni a bakin murhu."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, amma shayinki zai huce."

Ya riga ya huce, ku bar shi.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina yi wa matattu wanka a garin nan na Edinburgh, tun lokacin da gwiwoyina ke hawa bene bakwai ba su yi mini tsiya ba. Na wanke na lungunmu na Cowgate, waɗanda ba su bar wa magada komai ba sai ƙwarkwata. Na wanke na Sabon Gari, masu labule biyu a taga ɗaya. Yawancinsu na manta da su. Amma akwai ɗaya da har yau in na tuna sai kafaɗuna su yi nauyi.

Wata Talata da hantsi, cikin Nuwamba, Mista Pringle mai haɗa akwatin gawa ya leƙo ɗakina yana haki.

"Iya Elspeth, ɗauko tawul ɗinki mai kyau. Yau manya za ki wanke."

"Wa ya tafi?"

"Malam Ninian Gilfillan, shugaban makarantar maza, dattijon coci. Shekara arba'in yana fasa tafin hannun 'ya'yan mutane da bulalar fata, har da nawa." Ya buɗe tafinsa ya duba, kamar har yanzu da shatin. "Ki bi shi a hankali, kar ya tashi ya ce ki karanta masa haddar jiya."

Ban taɓa ganin mutumin ba, sunansa kawai nake ji. 'Ya'yanmu ba sa shiga irin makarantarsa, irinsa kuma ba sa gangarowa wajenmu.

'Yarsa ce ta buɗe mini ƙofa, Mis Grizel. Doguwa ce, busasshiya, shekarunta arba'in da shida, ita kaɗai ya haifa. Ta riga ta tsayar da agogo, ta rufe madubi, ta ajiye farantin gishirin da za a ɗora masa a ƙirji. Komai a wurinsa. Idonta kuwa a bushe ƙamas. Ta nuna mini ɗakin, ta ce in ina son ƙarin ruwan zafi in buga ƙasa da ƙafa, ta ja mini ƙofa.

Na fara daga fuska, yadda na saba. Fuska ce a ɗaure, baki a dunƙule kamar an ja zaren jaka. Amma ruwan ɗumi yana da nasa aikin. Ina shafawa tana sakin jiki, goshin ya warware, kumatun suka sauko, sai na ji gabana ya faɗi ban san dalili ba. Na ce a raina, Elspeth, tsufa ne, ci gaba da aikinki.

Da na naɗe hannun rigar barcinsa na hagu, sai ga tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu.

Na san ƙunar nan. Ni na ɗaure ta, da kitse da tsumma, shekara tara kafin ranar, lokacin da siket ɗin Ishbel matar Dougal mai dakon kwal ya kama wuta a bakin murhu, wani mutum ya rungume ta ya kashe wutar da hannunsa. Na juya 'yan yatsun gawar. Kawunansu sun yi kanta, irin ta mai danna tsirkiya.

Na zauna a bakin gadon, soson yana ɗiga a cinyata. Na ce, "Wattie? Kai ne?"

Wattie mai goge. Duk Asabar bayan azahar sai ga shi a lungunmu cikin wata tsohuwar kwat mai faci a gwiwar hannu, hula ta rufe goshi. Ya karɓi gogensa a ɗakin Dougal, inda yake ajiye shi, ya zauna a matakala ta uku ya yi ta kiɗa har a kunna fitilun titi. Aljihunsa cike da alewa. Ya rubuta wa tsofaffi wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu na soja, ya zauna kusa da marar lafiya ya yi ta zuba shirme har mutum ya manta da ciwonsa. Dariyarsa kuwa, daga hawa na bakwai ana jin ta. Shekara goma sha huɗu muna tare, ba wanda ya tambaye shi inda yake kwana. A Cowgate ba a wannan tambaya.

Sau ɗaya tak na ga wani abu. Yara suna guje-guje suka ture gogen ya faɗi. Sai wata murya ta fito daga bakin Wattie, siririya, mai sanyi kamar ƙarfen rijiya a hunturu. Kalma uku ko huɗu ce, amma duk benen ya yi tsit, har karen maƙwabcinmu Lachie ya shige ƙarƙashin benci. Wattie ya tsaya yana kallon hannunsa da ya ɗaga. Ya ajiye gogen ya fita. Sai da ya yi Asabar biyu bai zo ba. Da ya dawo ya kawo alewa ninki biyu, ba wanda ya tayar da maganar.

Na ƙarasa wankan. Na duba ko'ina, wai ko zan ga inda aka haɗa mutum biyun, kamar yadda ake ganin ɗinki a riga. Babu. Jikin tsoho ne guda ɗaya, da ƙafafu masu sanyi.

Washegari na koma don sa shi a akwati. Da muka gama, Mis Grizel ta ba mu shayi a madafa, ni da Mista Pringle. Ya fito da katunan igiya ya jera a tebur yana sosa ƙeya. Kun dai san yadda muke yi: igiya takwas ake saukar da mutum da su cikin kabari, kowace da katinta, iyalin mamaci su miƙa wa mazan da suka fi kusa da shi. Mata ba sa zuwa bakin kabari. Wanda kuwa aka rasa masu kama masa har aka ɗauko 'yan haya, to garin nan zai shekara yana maganar.

"Ranki ya daɗe," in ji Mista Pringle, "biyu ne suka karɓa. Ɗan baffansa na Perth, da mai kaɗa ƙararrawar coci. Sauran shidan sun dawo. Wannan ciwon baya, wancan tafiya ta kama shi, Mista kaza kuma wai mura."

"Mura ta yi yawa a garin nan bana," in ji ta, ko murmushi babu. "Ka ɗauko 'yan haya."

"Sai jibi ne jana'izar, ko za a ƙara..."

"Wa za a ƙara tambaya? Duk wanda ya san shi ya ɗanɗana shi."

Da ya fita sai ta ƙara mini shayi. Ina jin ta daɗe ba ta sami wanda za ta yi wa magana ba, ga ni kuma da fuskar da mutane ke zuba wa zance.

"Kina ganin ban yi kuka ba, Iya. Kar ki ɗauka ƙinsa nake yi. Ban taɓa jin dariyarsa ba, ko sau ɗaya. Tun da uwata ta rasu ya kulle piyanonta, ya ce kiɗa ƙofar Shaiɗan ce. Ranar Asabar kaɗai nake shan iska, in ya tafi hawan duwatsu shi kaɗai, wai don huhunsa. In ya dawo kuma ya fi kowace rana zafi. An taɓa neman aurena, na ce wa zai dama masa kunu." Ta juya kofinta a kan faranti. "Amma na yafe masa tun ina 'yar talatin. Na zauna na yi tunani, na gane Allah bai zuba masa taushin zuciya ba, kamar yadda wani ake haifarsa ba ya ji. Ba hana ni ya yi ba, babu ne. Da wannan nake samun barci, Iya. Da shi na yi shekara goma sha shida ina barci."

Na ajiye kofina. Ga kati shida a tebur, ga maza a lungunmu da za su yi rarrafe su zo su kama igiyar Wattie. In na buɗe baki, kabari ya sami hannuwa, ita kuma na ƙwace mata abin da take barci da shi. Na ce a raina, a bar 'yan haya su yi aikinsu, matacce ba ya jin kunya. Na yi mata godiya na tafi, na rantse bakina a rufe.

Rantsuwar ta kai ni har matakalar benenmu. A nan na tarar da Dougal zaune, baƙi ƙirin da ƙurar kwal, da Lachie mai ƙafar katako a gefensa.

"Iya, Asabar uku ke nan ba Wattie," in ji Dougal. "Na je asibiti, na je gidan gajiyayyu. Gobe zan bar aiki in bi bakin ruwa har Leith."

Mutum mai 'ya'ya biyar zai bar aikin yini. Na ce, "Dougal, ka daina nema."

Shi ke nan. Ku da kuka san kakarku, kun san in zare ya fara warwarewa a bakina ba ya tsayawa. Na faɗa musu duka, har da katunan.

Lachie ya fara fashewa da dariya. "Wattie? Dattijon coci? Iya, me kika sha a gidan manyan? Mutumin da ya koya mini waƙar matar mai gidan burodi?"

"Na ga ƙunar, ɗan banza. Ni na ɗaure ta."

Dougal bai yi dariya ba. Hawaye ya zana masa layi biyu farare a fuska. Can ya ce, "Igiya shida ba hannu, muna raye?"

"Ka rufa mini asiri. Akwai 'yarsa, ba ta san komai ba, kuma rashin sanin shi ne abin da ya rage mata."

"Ya kashe wuta a jikin matata da naman hannunsa. 'Yan haya su jefa shi rami kamar buhun dankali? Ni ko Gilfillan ne ko Shaiɗan ne, ban san shi ba. Wattie na sani."

"Ba a kamawa sai da kati daga hannun iyali, ka sani."

"To ki je ki karɓo. In ba haka ba mu shida za mu je mu buga ƙofar gaba, Lachie ya buga da ƙafarsa."

Na san zai aika. Gara ta ji daga bakin tsohuwa a madafa da ta ji a bakin titi, maƙwabta suna leƙe.

Ranar Alhamis da safe na sake hawa tudu zuwa gidan Gilfillan. Na same ta tana goge cokula. Na faɗa mata a tsaye, ban yi kwana-kwana ba, don na gaji. Ta saurara har ƙarshe, cokali a hannu.

"Ƙunar nan fitila ce ta faɗo masa a makaranta," in ji ta.

"Siket ɗin Ishbel ne, 'yata."

"Fita daga gidan nan."

Na juya. Ina kai hannu ga ƙofa ta ce, "Tsaya. Ki kai ni."

Muka gangara tare. Da muka shiga lungu ta ɗaga bakin rigarta daga ƙazantar ƙasa, amma ba ta toshe hanci ba, na ba ta wannan. Ɗakin Dougal ya cika, kowa ya cire hula. Ishbel ta goge kujera ɗaya tilo da gefen zanenta, ta sauko da gogen daga ƙusa ta ɗora mata a cinya. Mis Grizel ba ta taɓa shi ba. Ta bar shi a nan kamar an ɗora mata jaririn wasu.

Suka yi ta ba ta labari, kowa yana katse wani, suna ganin alheri suke yi mata. Yadda ya yini uku yana jinyar wani tsoho mai suna Dand. Yadda ya yi rawa da Ishbel ranar sunan autarta har hularsa ta faɗa tukunyar miya.

"Da me yake kiran yaran?" in ji ta.

"'Yan mata dai tsuntsuwata yake ce musu," in ji Ishbel. "Zo nan, tsuntsuwata."

"Ni 'ke' yake ce mini."

Ishbel ta kau da kai. Lachie, Allah ya ji ƙansa, ba ya iya zama da shiru. Ya ga baƙuwa ta ɓata rai, ya ce bari ya faranta mata.

"Ranki ya daɗe, ai ba ki ga komai ba sai kin ga yana kwaikwayon Tsoho Mai Tsami! Wani mugun dattijo ne ya ƙirƙiro, duk Asabar sai mun roƙe shi ya yi mana. Bari ki gani."

Na yi masa ido, na yi tari, ina! Ya miƙe a kan ƙafar katakonsa, ya kai hannuwa baya, ya ɗaga hanci, ya dunƙule baki. Ya taka zuwa tebur, ya shafa shi da yatsa ɗaya, ya duba yatsan. Ya ɗaga cokali ya sansana. Sannan ya siranta murya:

"Ke! Kunun nan ya huce. Shekara nawa zan yi ina koya miki abu ɗaya? Uwarki ma haka take, kai kamar kabewa."

Yaran da ke bakin ƙofa suka tuntsire, don sun saba nan ne wurin dariya. Wasu manyan ma suka fara, sannan suka ga fuskarta.

"Saura agogo," in ji Mis Grizel a hankali. "Yakan ciro agogo ya duba kafin ya ce shekara nawa."

Lachie ya sauke hannuwansa. "Haka ne... yakan ciro. Ya aka yi ki..." Bai ƙarasa ba. Ya zame ya zauna a ƙasa.

"Kullum yake yi muku?"

Dougal ne ya amsa, kansa a sunkuye. "Kusan kullum. In ya gama mu muna dariya, shi kuma ya yi shiru ya daɗe. Mun ɗauka gajiya ce."

"Ashe yana jin kansa," in ji ta. "Ashe ya sani."

Ta ɗauke gogen da hannu biyu ta miƙa wa Ishbel. Ta buɗe jakarta ta fito da katunan nan shida, ashe ta taho da su. Ta bi mazan ɗaya bayan ɗaya tana tambayar suna tana miƙawa, har da Lachie a ƙasa, wanda ya ƙi karɓa sai da ta sa masa a tafi.

"Ƙarfe goma sha ɗaya. Ku wanke wuyanku, dattawan coci za su duba."

A bakin lungu na ce zan raka ta, ta ce a'a. Ta dube ni, ba fushi a idon, gajiya ce kawai irin ta wanda ya kai kaya saman bene aka ce ba nan ba ne.

"Jiya ina da uba wanda ba zai iya ba, Iya. Yau ina da wanda ya iya, ya ɗauko ya kawo nan. Sai in sake sabon zama da shi, ga shi kuma ba ya nan balle in tambaye shi."

"Ki yafe mini, 'yata. Bakina ne."

"Layin masu jiran yafiyata ya yi tsawo. Bari in gama da ubana tukuna."

Ranar Juma'a na je na taya ta yanka burodi da dafa shayin masu dawowa daga maƙabarta, don ba wata mace da ta zo. Muka yi aikin kamar baƙi biyu a jirgin ƙasa. Mista Pringle ne ya ba ni labarin can. Ya ce dattawan coci sun yi cirko-cirko suna kallon maza shida cikin kwat ɗin aro, wani hannun rigar bai kai ba, wani ta ninka shi biyu, suna kuka da majina a kan shugaban makaranta. Fasto ya rasa inda zai sa idonsa. Ƙafar Lachie ta nutse a laka sai da aka ciro shi. Amma akwatin, in ji shi, ya sauka daidai, bai karkata ko kaɗan ba, shekararsa ashirin a sana'ar bai ga an saukar da mutum a hankali haka ba. Ɗan baffan na Perth, mai igiyar kai, ya yi ta tambaya su wane ne waɗannan, ba wanda ya gaya masa.

Mazanmu ba su shigo shan shayi ba. Sun tsaya a tsallaken titi da huluna a hannu, ta leƙa ta taga ta gan su, ta saki labule.

Da bazara Mis Grizel ta sayar da gidan da duk abin da ke ciki, ta koma Dunbar ta buɗe gidan saukar baƙi a bakin teku. Ba ta yi aure ba. Ta rasu tana da shekara saba'in da ɗaya, ban sake ganinta ba, ba ta kuma taɓa aiko mini da saƙo ba. Dougal ƙurar kwal ta cinye masa huhu bayan shekara biyu, ni na wanke shi. Ishbel ta koma wajen ɗanta a Glasgow da gogen, babu mai iya kaɗawa a gidan. Lachie ya rayu ya daɗe, ya ci gaba da shan giyarsa, amma bai ƙara kwaikwayon kowa ba. Mista Pringle ya bar wa surukinsa shago. Ni kuma na yi shekara tara ina aikin bayan nan, sannan gwiwoyina suka ƙi, na zauna.